Yadda Ake Tsare Sirrin Kai a Legas, Daga Layin Waya Har Takardar Tsire

Wani dare bayan isha'i na sayi tsire a Agege, can wajen layin dogo. Da na isa ɗaki na warware ƙunshin, sai na ga ba da jarida aka naɗe naman ba. Fotokwafin takardar NIN ce ta wata mata: ga hotonta, ga cikakken sunanta, ga lambobi sha ɗayan nan, ga adireshin gidanta. Mai ya ɗan jiƙa gefe guda, amma komai na karantuwa. A baya kuma an rubuta lambar waya da biro. Mai tsiren ba ruwansa, tsofaffin takardu yake saye yana naɗe nama. Ita ma matar ba na jin da hannunta ta yar. Wani wuri ta kai, ko neman aiki ko neman haya, suka gama da ita suka zuba a shara.

Tun ranar nake lissafin wuraren da ni ma na bar irin wannan takarda, kuma lissafin bai yi min daɗi ba. Yawancin abin da 'yan damfara ke cutarmu da shi ba fashi suka yi suka samu ba. Mu muka miƙa, kuma sau da yawa kunya ce ta sa. Bahaushe na jin nauyin ce wa mutum a'a ido da ido, balle a baƙon gari in ya ji mai tambayar yana Hausa. To su ma sun san da haka.

Mataki na farko: raba bayananka kashi uku

Kashi na farko shi ne wanda ba a ba kowa, ko ma'aikacin banki, ko ɗan sanda, ko aminin da kuke kwana ɗaki ɗaya. Su ne lambar sirrin katin ATM, lambobi ukun da ke bayan katin, lambar OTP da banki ke turowa, lambobi shida da WhatsApp ke turowa, da makullin manhajar banki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kashi na biyu ana bayarwa, amma sai da dalili kuma a wurin da ya dace: NIN, BVN, ranar haihuwa, sunan mahaifiya, adireshin gida, hoton katin shaida. Kashi na uku kuwa na kasuwa ne: sunanka, lambar wayar sana'a, da lambar asusu mai lamba goma. Da lambar asusu kaɗai ba a cire kuɗi, sai dai a saka maka. Abin mamaki, mutanenmu da yawa sun juya abin. Za ka ga mutum yana ɓoye lambar asusu kamar laya, amma baƙo na kira ya karanta masa OTP tiryan-tiryan.

Mataki na biyu: kulle layinka, ba wayar kaɗai ba

Nan zan fi daɗewa, domin nan ne ƙofar gidan. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a 2014, lamba ɗaya ga mutum ɗaya, wadda ta ɗaure duk asusunka wuri guda. A Disambar 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layi da NIN. Yau layin nan ɗan ƙarami shi ke karɓar alat, shi ke karɓar OTP, da shi ake tura kuɗi ta lambobin tauraro, da shi ake buɗe WhatsApp. Wanda ya fizge maka waya a cunkoson Oshodi, ko ta tagar danfo a gosulo, sau da yawa ba wayar ce ta fi damunsa ba. Layin zai zare ya sa a wata 'yar ƙaramar waya. Duk zanen yatsa da ka sa wa allon taka ya tashi a banza. Zai danna *565*0# BVN ɗinka ya fito, ya danna *346# ya nemi NIN, alat ɗin farko da ya shigo ya gaya masa bankinka. Daga nan sai ya shiga gwada sa'a, har bashi ana iya ci da sunanka.

Maganin wannan shi ne lambar sirrin layi, kuma ba ta cin minti biyar. Ka nemo faffaɗan katin nan da aka ɓallo layin daga jikinsa ranar da ka saya, domin a nan ake buga lambar PUK mai lamba takwas, wato wadda ake buɗe layi da ita in ya kulle. In ya ɓata, kira masu kula da abokan hulɗa na kamfaninka ko ka je ofishinsu su ba ka ita, ka kuma tambaye su lambar sirrin da layin ya zo da ita. Sannan shiga setin na waya, ɓangaren tsaro, ka nemi wurin kulle layi. Kunna shi, sa lambar asali, nan take ka canza ta zuwa taka. Kada ka sa shekarar haihuwarka, kada ka sa 1234. Kashe wayar ka kunna, ka ga ko za ta tambaya. Kashedi: kada ka yi ta cinke. In ka kuskure sau uku layin zai rufe sai da PUK, in ka kuskure PUK sau goma layin ya mutu ke nan, sai dai a sake maka wani.

Bayan haka, gyara setin ɗin saƙonni yadda abin da ke cikin saƙo ba zai bayyana a allo ba sai an buɗe wayar. Ka duba jerin sunayenka: in akwai wanda ka adana da "PIN" ko "BVN", goge shi yanzu. Danna *#06#, lamba sha biyar za ta fito, ita ce IMEI, wato shaidar wayar; rubuta ta a takarda ka ajiye tare da rasit. Ka kuma tambayi bankinka lambar da ake dannawa a rufe asusu daga wayar wani, ka rubuta ita ma. Kusan kowane banki na da tasa.

Sai wata matsala da ta fi yawa cikin 'yan ci-rani. Mutum ya sauko daga mota a Mile 12 ko Alaba Rago, ya sayi layi da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, ko wani ɗan garinsu ya yi masa da nasa NIN. Shekara uku yana amfani da shi, har banki ya ɗaura a kai. Ranar da waya ta ɓata ya je yin walkam-bak, wato a dawo masa da lambarsa a sabon layi, sai a ce fuskarsa da yatsansa ba su ne a kan layin ba. In kana cikin wannan hali, ka yi sabon layi da sunanka, ka je banki ka cike fom a mayar da alat kansa. Haka nan kada ka ara wa kowa NIN ɗinka ya yi rajistar layi. In aka yi kiran neman kuɗin fansa da layin, sunanka da hotonka za su fito. Kuma in za ka bar wani tsohon layi, cire shi daga banki tukuna, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sake sayar wa wani, alat ɗinka ya riƙa sauka a wayar baƙo.

Mataki na uku: wajen mai POS

Na taɓa tsayawa a bayan wani dattijo mai sayar da albasa. Ya miƙa kati ga yaron POS, yaron ya ce, "Baba, nawa ne?" Ya faɗa. Sai yaron ya ce, "To faɗo lambar." Baba ya faɗe ta da ƙarfi, lamba huɗu, mu shida a layi duk mun ji. Da muka matsa gefe na ce, "Baba, ku yi haƙuri, lambar nan ai ba a faɗarta." Ya ce, "Yaro, ai ɗan gida ne, kuma idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan." Gaskiyarsa ta wani gefen. Amma abin da na nuna masa mai sauƙi ne: madannan na'urar jere suke kamar na waya, kuma lamba 5 tana tsakiya, galibi da ɗan tudu da yatsa ke ji. Wanda ya iya kiran gida da wayarsa ya iya danna lamba huɗu.

Ka karɓi na'urar a hannunka. Dubi adadin kuɗin kafin ka danna, domin sifili ɗaya ke raba dubu biyar da dubu hamsin. Kare da ɗaya hannun. Kada katin ya bar idonka, kuma in an miƙo maka ka duba naka ne, don ana musanya kati da mai kama da shi. In an ce bai yi ba, karɓi takardar da ta fito. Ni lambobi ukun bayan katina na haddace su na manna musu ɗan sitika, saboda wanda ya ɗauki hoton gaba da bayan kati ya samu rabin abin da yake nema. A bakin ATM kuma, "kawo in taimaka maka" ba taimako ba ne. Shiga ciki ka nemi ma'aikaci.

Mataki na huɗu: koyi katse kira

Za a kira ka da murya mai ladabi, wani lokaci da Hausa tsantsa. "Salamu alaikum, Alhaji, daga banki ne. BVN ɗinka ya samu matsala, yau za a rufe asusunka." Zai faɗi cikakken sunanka, wataƙila har ranar haihuwarka, sai zuciyarka ta kwanta. Ka tuna takardar tsire: sanin sunanka ba shaida ba ce. Amsa ɗaya ce, "Na gode, Malam, zan zo banki da kaina," ka kashe. Kada ka tsaya musu, don gwanayen magana ne. Banki ba ya tambayar lambar sirri ko OTP ta waya. Alamarsu kullum gaggawa ce: yau, yanzu, kafin ƙarfe huɗu. In kuma an taɓa sa ka danna wasu lambobi masu tauraro da ba ka gane ba, danna ##002#, zai soke duk karkatar da kira da aka yi wa layinka.

Na WhatsApp ya fi cin 'yan ƙungiya. Wani zai kira ya ce shi sakataren zauren unguwa ne ko na 'yan kasuwa, za a yi taro da dare ta intanet, an turo maka lambar shiga, ka karanto masa. Lambar nan ta buɗe WhatsApp ɗinka ce a wayarsa. Kafin ka ankara ya tura wa 'yan'uwanka na Arewa cewa kana asibiti a turo dubu ashirin. Rigakafinsa: shiga setin na WhatsApp, ɓangaren akawun, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka zaɓi lamba shida taka, ka sa imel ɗin da kake iya buɗewa. A ɓangaren sirri kuma ka taƙaita masu ganin hotonka da masu iya jefa ka cikin zaure zuwa waɗanda ke cikin wayarka kaɗai.

Sai saƙonnin tallafi, "gwamnati na rabon kuɗi, danna nan ka sa BVN". Banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan matasan da ke yawo suna sayen NIN da BVN na mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, ana buɗe asusu da su. Asusun da aka buɗe da sunanka, duk kuɗin damfarar da ya bi ta ciki kai za a fara nema. Haka wanda ya ce ara masa asusunka za a turo masa kuɗi ya ba ka na goro. In ba ka san mai turowa da dalilin kuɗin ba, ka ce asusunka na da matsala. Ba ka yi rowa ba.

Mataki na biyar: takardu

A Legas kowa fotokwafi yake nema: ejan (wato dillalin gida), kamfanin masu gadi, mai ba da Keke haya, makarantar yara. Ba za ka iya ƙin duka ba, amma kana iya lalata wa ɓarawo ita. Kafin ka miƙa, rubuta da biro a kan fuskar takardar, ta yadda rubutun zai ɗan hau gefen hoton, cewa don neman haya ce kawai a wuri kaza, da kwanan wata. Ka fara tambaya ko ganin katin ya wadatar. Ejan da bai nuna maka ɗaki ba tukuna ba shi da abin yi da NIN ɗinka.

A shagon fotokwafi ka ƙirga takardunka, ka ɗaga murfin injin ka ɗauki ta asali, waɗanda suka lalace ma ka karɓe su, ko da za ka biya kuɗinsu. In ta WhatsApp ka tura a buga maka, tsaya a goge a gabanka, daga wayar da kuma kwamfutar. Tsofaffin takardun banki da na asibiti a ƙona su ko a yayyaga, kada a ba 'yan bola.

Zama garanto ba sa hannu ba ne kawai. Hotonka, adireshinka da katinka kake jinginarwa. Kada ka sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba. Littafin baƙi na bakin get kuwa suna da lambar waya sun isa. Kayan da za ka aika gida a tasha ma haka: suna ɗaya da lambar mai karɓa a jikin buhu, ba sai an rubuta unguwa da abin da ke ciki ba.

Doka na bayanka a nan. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ta ba ka damar tambayar me za a yi da bayananka, ka janye amincewarka, ka kuma nemi a goge su. Ko ba ka kai ƙara ba, tambayar "me za ku yi da ita?" kaɗai tana sa a rage nema.

Mataki na shida: abin da kake wallafawa

Kowace Sallah sai ka ga hoto a Facebook daga cikin mota: "Sai Kano in sha Allah, a sa mu a addu'a." Ka gaya wa ɓarawon unguwa ɗakinka babu kowa, ka gaya wa na hanya cewa ɗan kasuwa na tafe da guzurin shekara. Ka isa lafiya tukuna ka sa hoton. Addu'ar mahaifiya ta waya ta ishe ka a hanya.

Hoton yara da yunifom ya faɗi makarantarsu. Hoton alat ya faɗi bankinka da abin da ya rage. Hoton sabuwar mota ya nuna lambarta. Akwai kuma wanda muke yi da kyakkyawar niyya: an tsinci katin shaidar wani, sai a watsa shi a zauruka a buɗe. Rufe lambar da adireshin kafin ka tura, suna da hoto sun isa a gane mai shi. Haka takardun asibitin mara lafiyar da ake nema wa taimako. A nemi izininsa, don wasu na kwafe su su canza lambar asusu.

Manhajojin bashi na minti biyar kuwa, ka karanta abin da suke neman izini a kai. Su ne masu kwashe sunayen wayarka, in ka makara su tura wa surukinka cewa kai ɓarawo ne. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, kuma tun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa sunaye da hotunan waya. Wadda aka turo maka ta wani mahaɗi, ba daga rumbun Play Store ba, ba ta san wannan doka ba.

Mataki na bakwai: sirrin wasu da ke hannunka

Da yawanmu masu gadi ne, direbobi, masu kai saƙo. Wani zai zo bakin get da fara'a, ya sayi lemo ya miƙo maka. "Malam, oga na nan? Yaushe ya yi tafiya? Yara ƙarfe nawa suke dawowa?" Da ɗan gari akan ci gari. Ka ce, "Ranka ya daɗe, bar sunanka da lambarka, zan isar." Kada ka ba da lambar maigida ko ta Hajiya. In wani abu ya faru, maigadi ake fara kamawa.

Wajen gyara ko caji ma a kula. In za ka bar waya a Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, zare layi da memori. In gyaran allo ne ko wurin caji, ba lallai sai ka ba da makullin waya ba. Ka ce a kira ka ka buɗe in za a gwada. In za ka sayar, fita daga Gmail da WhatsApp, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Kuma in yaron shago ne ya buɗe maka Gmail ranar da ka sayi wayar, yau ka canza makullin, don har yanzu yana kansa.

Mataki na takwas: in abin ya riga ya faru

Jerin na da muhimmanci. Fara da banki: ari wayar na kusa da kai ka danna lambar rufe asusun nan da ka rubuta. Na biyu, kira kamfanin layi a dakatar da shi. Na uku, sanar da gida da abokan ciniki da murya cewa kada a tura wa kowa kuɗi da sunanka. Sannan ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa da IMEI ɗinka. In akwai barazana ga rai, 112 ko 767 ne lambobin gaggawa a Legas.

Washegari ka je walkam-bak da NIN, da katin da layin ya zo a jiki ko takardar rantsuwa ta kotu, ka kuma tuna lambobin da ka fi kira da katin ƙarshe da ka saka, don za a tambaya. Layin na dawowa ka sake buɗe WhatsApp, hakan zai fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa tasa lambar mataki biyu, sai ka jira kwana bakwai. In kuɗi sun fita, rubuta ƙorafi a banki ranar, ka karɓi lambar shaidar ƙorafin. In aka yi mako biyu shiru, sashen kare masu hulɗa na Babban Banki ake kai wa. Na kamfanin layi kuma hukumar sadarwa ta NCC ake kai wa, ta lambar 622. Damfara mai girma akwai ofishin EFCC a titin Awolowo da sashen 'yan sanda masu binciken zamba a titin Milverton, duka a Ikoyi.

Takardar da ka rubuta lambar rufe asusu da IMEI da PUK, kada ka cusa ta a bayan kwandon wayar, inda yawancinmu ke cusa kuɗin mota da katin ATM. Ɗaya a ɗaki, ɗaya a aljihun da ba na waya ba. Ka kuma haddace lambar mutum biyu, ɗaya a nan Legas, ɗaya a gida.